An Haife Ni a Gaya, To Sai Me?

Mun tashi da asuba ranar Litinin, ni da wata abokiyar aikina da ta rantse ba za ta bar ni in hau hanya ni kaɗai da irin fushin da ke cina ba. Ko sallamar kirki ban yi wa maigidana ba. Na bar masa yara uku da tukunyar miya, na rungumi jakar takarduna muka nufi tasha. Bas ɗin Malanville jaka shida ne, wato sefa dubu shida, kowane mutum, an ce ƙarfe shida zai tashi, amma sai da rana ta fito sosai direba ya gama shayinsa.

Ga waɗanda ba su san abin da ya tayar da ni ba, bari in koma baya kaɗan. Ni malamar gona ce, shekara tara ke nan da lisans ɗina, wato digirin farko. Bana na nemi shiga mastar a wata jami'a da ke birnin da nake aiki, fannin adana amfanin gona. Abin da nake so in bincika ba wani abin nesa ba ne, albasar kwarinmu ce da ke ruɓewa cikin rudu, wato rumbun albasa, kafin ta yi daraja. Na tashi ina ganin mutanenmu suna kwasar rabin wahalarsu suna zubarwa bayan gari, kuma har gobe abin yana ƙona mini rai.

Duk wanda ya ce muku haɗa dosiyen mastar wasa ne, bai taɓa haɗawa ba. Sai ka fara cika takarda ta intanet, sannan ka kawo komai a hannu. Kwafin bak, wato takardar gama sakandare, da na lisans da takardun maki na shekara uku, kowanne sai an buga masa tambur da hatimin meri, wato ofishin magajin gari. Ga wasiƙar neman shiga, ga wata wasiƙar da za ka bayyana dalilinka, ga tarihin karatu da aiki, ga shafi uku na abin da za ka bincika, har da hotuna. Wata biyu na yi ina bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis ɗin da ta gabata na kai su, ina tafiya ina jin kaina. Sakatariyar sashen ta bi su da yatsa har ta iso kan takardar haihuwa, ta tsaya.

"Madam, a Gaya aka haife ki?"

Na ce a Gaya. Ta ce to Gaya Nijar ce, kuma kujerun da ake ɗaukar nauyin karatunsu na 'yan ƙasa ne. Na zaro katin shaidata na Benin na ajiye mata. Ta ce kati daban, takardar zama ɗan ƙasa daban, kotu ce ke ba da ita, kuma wanda aka haifa waje sai ya haɗa da takardar haihuwar ubansa. Juma'ar mako mai zuwa da tsakar rana za a rufe karɓa. Ba laifinta ba ne, abin da ke rubuce ta karanta mini. Amma kujerun nan ba a ba wanda ya kai shekara talatin da biyar, ni kuwa ina cikin ta talatin da huɗu, kuma albashina ba zai iya biyan karatun ba ko da na daina cin abinci. In bana ta wuce ni, ta wuce ke nan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dalilin haihuwar tawa a Gaya. Ni 'yar fari ce. A wajenmu mace ba ta haihuwar fari a ɗakin miji, gidan iyayenta take komawa. Innata 'yar Gaya ce, babana basarke ne, wato masunci, ɗan Garou, kogi ne kawai tsakani. Da cikina ya tsufa aka ƙetara da ita, ta haihu, ta yi arba'in, ta dawo. Kwana arba'in ɗin nan ne duk zamana a Nijar, kuma su ne suka sa har yau dangi ke kirana Ta-Ƙetare. Yanzu kuma su ne za su hana ni karatu. Na ce wallahi ba a isa ba.

Hanya dai tana da kyau har N'Dali, daga nan sai ramuka nan da can, direba yana kauce musu muna karo da juna. Damina ta yi albarka, auduga da masara sun rufe ko'ina. A Kandi muka tsaya cin abinci. Sakwara da miyar gyaɗa da cukun wagashi yanka biyu dala ɗari da arba'in, wato sefa ɗari bakwai, abokiyar tafiyata ta ce tsada, ta kuma cinye ta ƙara. Ni ko rabi ban ci ba. Jandarmomi sun tsayar da mu sau uku, suna duba kati suna mayarwa. Kowane ya duba nawa sai in ce a raina, kai ma ka ga 'yar ƙasa ce, je ka faɗa wa jami'a. Bayan Guéné ƙasa ta buɗe, zafi ya ƙaru, muka fara cin karo da amalanken shanu da mata masu tallan kifi.

Wajen ƙarfe biyu muka shiga Malanville. Garin ya yi sanyi ba kamar yadda na san shi ba. Tun da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Nijar, manyan motocin da ke yin layi har bayan gari sun ragu, masu abinci na bakin duwan, wato kwastan, da yawa sun kwashe rumfunansu. Amma 'yan kabu-kabu suna nan yadda suke, mutum goma a kan fasinja ɗaya. Albasa kuwa ta yi tsadar da ba a magana, ƙaramin kashi dala ɗari, kuma rabinsa ya fara tsiro. Na nuna wa abokiyar tafiyata na ce ga mastar ɗina nan a kan faifai.

Taubashina ne ya tarbe mu, ɗan ƙanwar babana, wanda ya girme ni da shekara biyar. Da aikin fitar da kaya a duwan yake ci, yanzu zaman kashe wando yake yi, sai dai bakin nan nasa bai mutu ba. Tun daga nesa ya fara, wai ga baiwarsa ta zo, wai uwar 'ya'ya uku za ta koma lakkol, wato makaranta, a ba ta alli. Na ce bawa dai ba ya rasa surutu in ya ga uwargijiyarsa. Da muka zauna ya ji matsalata, sai ya rage murya. Ya ce shi ya san wani mutum. Kwana biyu kawai, a fito mini da sabuwar takardar haihuwa mai cewa a nan Malanville aka haife ni, babu Gaya babu labarinta, ba sai an tada tsoho ba.

"Ke dai kin san halin kawu," in ji shi. "Takardarshi ba ta hita hannunshi. Ki bi ta inda ruwa bai da zurhi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in yarda, don kwana huɗu ne a gabana. Sai na tuna duk takarduna tun daga firamare Gaya suke ɗauke da ita, ƙarya ɗaya sai ta nemi goma. Kuma ko ba wannan ba, innata ta rasu ina shekara goma sha biyu, takardar nan ce kaɗai wurin da sunanta da na garinsu suke tare da nawa. Na ce masa ya riƙe mutuminsa. A Gaya aka haife ni, ban sata ba, ban yi abin kunya ba, kuma da Gayar zan shiga jami'ar nan ko su so ko su ƙi. Ya ce taurin kaina na kawu ne sak. Na ce ai ba a ƙasa na tsince shi ba.

Da la'asar muka hau babura zuwa Garou, dala ɗari biyu kowa. Hanyar laka ce, shinkafa kore shar dama da hagu, kogi ya cika ya yi ja. Sau biyu muka sauka muka taka da ƙafa. Abokiyar tafiyata 'yar birni ce, takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo, sai da mai babur ya sa hannu ya ciro mata.

Mun sami Baba a ƙofar gida yana ɗinkin taru. A nan sai na yi muku bayanin wani abu, don 'yan zamani ba lalle su gane ba. A wajenmu ana kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya nuna shi a gaban mutane ya ce nawa ne. Baba ya riƙe wannan al'ada da hannu biyu. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai yi mini magana, ko ina zaune a gabansa, sai ya juya wajen gwaggona, ƙanwarsa da ke zaune gidan tun rasuwar mijinta, ya ce a faɗa wa Ta-Ƙetare kaza. Ƙannena kuwa har goya su ya yi. Ina yarinya abin yana ci mini rai ƙwarai, da na girma na ce na saba, amma ban saba ba.

Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon tarunsa. Bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar kifi na zayyana wa Gwaggo abin da ya kawo ni, da ƙarfi yadda zai ji. Takardar tana nan, kowa ya sani. Alƙali ne ya yi masa ita tun yana saurayi, lokacin da aka rubuta masu gonakin shinkafa. Tana cikin wani gwangwanin madara, an naɗe shi da robar taya, a rataye a ɗakin da ake banda kifi. Ambaliya biyu ta ci gidan nan, ta tafi da awaki da gado, gwangwanin nan yana bisa kansa. Ya saurara har na gama, sannan ya dubi Gwaggo.

"Hwaɗa mata takarda ba ta zuwa ko'ina. Wanda ya ba da takardarshi ya ba da gonarshi."

Raina ya ɓaci. Na ce Gwaggo ki faɗa masa ba gonarsa nake so ba, awa ɗaya kawai za a gan ta a mayar. Ki faɗa masa ban taɓa roƙonsa komai ba, ko kuɗin littafi, yau ɗaya na roƙa. Ki faɗa masa in ya hana, zan je kotun da hannu wofi in tsaya in ce ina da uba a Garou amma ya ce a nemi wani. Gwaggo ta ce ke rufa mana asiri. Baba ya tashi ya tafi masallaci.

Talata muka ƙetara Gaya, don taubashina ya ce kotu za ta so sabon kwafin takardar haihuwata, tawa ta tsufa har ninkin ya cinye wasu haruffa. Yanzu jirgin ruwa ne gadar. Ana loda mutane da babura da buhuna har sai ruwa ya kusa baki, dala ɗari kowane kai, abokiyar tafiyata ta karance duk addu'ar da ta sani. A merin Gaya wani dattijo ya ɗauko rajistar shekarar, ya laluba ya samo ni, kafin azahar an ba ni kwafi da hatimi. Na biya ta gidan kakannina. Ɗakin da aka haife ni yana nan, gero ake zubawa a ciki yanzu. Ƙanwar innata ta riƙe hannuna ta ce ranar da aka kawo innata, babana ne ya tuƙo jirgin da kansa, ya sauke ta a bakin gaɓa ya juya, don kunya ba ta bar shi ya shiga gidan surukai ba. Amma kwana arba'in ɗin nan kullum sai an tsinci kifi a ƙofar gida da safe, ba a taɓa ganin mai ajiyewa ba. Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar. Na fito ina share ido ina cewa hayaƙin murhu ne.

A Malanville muka kwana gidan taubashina. Na riga na yanke shawara, da takardar Baba ko babu, kotu zan je. Laraba da hantsi ina ɗaura ɗankwali sai na ji babur a ƙofa. Baba ne a baya, cikin rigarsa ta Juma'a, ya rungume gwangwani a ƙirji. Bai dube ni ba. Ya ce wa taubashina a faɗa wa Ta-Ƙetare takarda ba ta tafiya ita kaɗai, in za ta je wani wuri da mai ita za ta je.

A meri ba a sha wahala ba, an ga ta asali an buga wa kwafi hatimi, Baba yana tsaye a kan ma'aikacin har ya mayar masa. Kotu ce mai layi. Mun zauna a benci tun ƙarfe goma sai bayan azahar aka kira mu. Magatakardan wani mutum ne mai haƙuri, yana jin Dendi yana jin Hausa. Ya buɗe takardar Baba a hankali don ta yi laushi, ya haɗa da tawa, ya ce abu biyu ne. Na farko, tsohuwar takarda ce, sai an bar ta a nan an gwada ta da rajista, kwana biyar ko shida. Na biyu, tunda mai ita yana nan, sai ya faɗa da bakinsa a rubuta. Ya dubi Baba.

"Baba, wagga mata mi take gare ka? Kuma mi sunanta?"

Taubashina ya buɗe baki zai amsa, magatakarda ya ɗaga masa hannu ya ce ba shi aka tambaya ba. Baba ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa, ya gyara hularsa. Ni kuwa na riga na fara tattara jakata, don na san mutumin nan ya gwammace a ɗaure shi. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata ta. Ɗiyata ta hwari. Sunanta Ramatu. Ni na kai uwarta Gaya da hannuna."

Magatakarda ya rubuta abinsa, shi bai san an yi wani abu ba. Baba ya tura masa takardar da yatsa biyu, ya rufe gwangwaninsa wofi, ya fita bai jira kowa ba. Ni dai ban san yadda na sa hannu a takardun ba. Abokiyar tafiyata ce ta karɓi rasit ɗin ta saka mini a jaka.

Alhamis muka juyo. Na sayi busasshen kifi na jaka biyu don yara, ban ga komai a hanya ba sai da muka iso Kandi yunwa ta tashe ni, na ci sakwarar da na bari ranar Litinin har da ƙari. Juma'a ƙarfe tara ina gaban sakatariya da dosiyena da rasit ɗin kotu. Ta ce rasit ba takarda ba ce. Na ce na sani, amma sanarwarsu cewa ta yi ranar Juma'a ake rufe karɓa, kwamitin tantancewa kuwa sai bayan kwana goma zai zauna, ga shi a bango ta karanta. Na ce ba zan bar wurin da dosiyen nan a hannuna ba, in kuma za a ƙi shi, shugaban sashe ya ƙi shi a rubuce ya sa hannu. Na ja kujera na zauna. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito ta karɓa, ta rubuta a bayansa da fensir cewa saura takarda ɗaya, a kawo kafin kwamiti ya zauna. Na yi mata godiya ta gaskiya, na tafi gida na tarar maigida ya ƙona tukunya biyu.

Alhamis ta sama direban bas ya kira ni, wai in zo tasha an ba shi saƙo. Gwangwanin Baba ne, da robarsa da komai, takardata ta zama 'yar ƙasa tana ciki. Gwaggo ta gaya mini ta waya cewa kullum sai ya sa an kai shi kotu ya zauna a benci, har ranar da takardar ta fito. Na kai ta jami'a a ranar. Sakatariya ta karɓa ta ɗan kawar da hanci, don ƙaurin bandar kifi ya kama ta. Na ce Madam yi haƙuri, haka 'yan ƙasar wajenmu suke ƙamshi. Ta yi dariya ta goge rubutun fensir ɗin. Sunana ya fito cikin waɗanda aka kira ganawa da kwamiti, kuma zan shiga in yi musu maganar albasa har su gaji.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ga masu niyyar mastar, ku karanta sanarwa tun daga sama har ƙasa, ku fara da takardar da kotu ke bayarwa don ita ce mai jan lokaci, kuma in an haife ku ƙetare kada ku bari wani ya goge muku garin uwarku don kujera. Masu cewa me uwar 'ya'ya uku za ta yi da ƙarin karatu, ku ci gaba da faɗa, ba ku kuke biya ba. Baba kuwa ya koma gidan jiya, ko a waya sai dai a faɗa wa Ta-Ƙetare. Ban damu ba, na ji sau ɗaya kuma a gaban hukuma, an rubuta. Da na zazzage gwangwanin a gida sai ga wata takardar a ƙasa, tasa ce ta asali, a ninke. Na kira Gwaggo na ce an yi mantuwa, zan aiko da ita gobe. Na ji muryarsa daga nesa yana cewa a faɗa mata ba mantuwa ba ce, ta riƙe, gidanta ruwa ba ya shiga.